Littafin da na ɗauka a ƙasa

Makarantar 'Yan Mata, Kano
14 ga Yuli, 1957

Zuwa ga Yaya Gwadabe,

Gaisuwa mai yawa. Ina fatan Baba da Inna suna lafiya. An gama shuka shinkafa kafin ruwan kogi ya iso fadama?

Ni lafiya lau, karatu nake ta yi. Hikayoyin Turawa suna ba ni mamaki, mutum ya shiga gida bai tambayi lafiyar kowa ba. Na fi son littafin wani tsohon matuƙin jirgin ruwa da ya ba da labarin rayuwarsa, amma har ƙarshe bai ambaci mahaifiyarsa ba. Ko kunya ce irin tasu?

Yaya, akwai magana. Na tsinci littafin Kirista a ƙasa, na ga sunan Annabi Yusuf a ciki. Baba ya hana mu barin sunan annabi a ƙasa, sai na kakkaɓe shi na ɗora kan akwatina. Na ɗan karanta. Labarin ya yi kama da namu, amma wasu wuraren sun bambanta, ina son sanin dalili.

Yanzu 'yan ɗakinmu suna cewa na bar addini, sun daina cin abinci da ni. Ba komai, ina ƙoshi. Sai dai Asabe ta Kafin Hausa, 'yar ɗakinmu, za ta kai zancen gida da hutu, gara Baba ya fara ji daga bakinka.

Don Allah ka tambaye shi: in littafin na wasu ne, a bar sunan a ƙasa? Kafin amsa ta zo, ba zan iya mayar da shi ƙasa ba.

Allah ya bar zumunci.

Ƙanwarka,
'Yar'azumi