Kwabon da na zare daga zaren Kaka

Assalamu alaikum 'yan uwa. Admin a ɓoye sunana. Don Allah ku ba ni shawara, zagi kuma na san zan sha.

A unguwar Lamisula nake, ina gyaran waya. Bara na fara tara tsofaffin kuɗi, anini, sisi, sule, kwabon Turawa mai huji a tsakiya. Wani Inyamuri mai shagon agogo a Gamboru, Oga Ikenna, shi ya koya mini cewa ba tsufa ne ke sa kwabo daraja ba, shekarar ake dubawa da wani ɗan ƙaramin harafi a ƙasan hujin. Har madubin ƙara girma ya ba ni.

Kakata makauniya ce. Tana da kwabbai bakwai a zare ɗaya, marigayi Kakanmu ne yake ƙara mata ɗaya duk haihuwa, kuma kowanne da sunan ɗan da aka haifa take kiransa. Ran nan tana wanka na ɗora musu madubi, sai na ga na huɗu ya yi daidai da wanda Oga ya ce yana da wuyar samu. Na zare shi, na zura wani daga cikin nawa, a raina na ce ai ba gani take ba.

Kafin la'asar ta gane. Tana shafawa ta fasa ihu, wai an ɗauke mata Bukar, ƙanin babanmu ke nan da ya ɓace lokacin rikici, har yau ba gawa ba labari. Gida ya taru. Mai shiga ɗakin Kaka kullum ita ce Falmata, matar yayana Modu, shekara shida tana mata wanka da wanki. Ido ya koma kanta. Ya Modu ya tambaye ni ko na san wani abu, wallahi ban san lokacin da na ce na taɓa ganinta wajen masu sayen azurfa a kasuwa ba. Ta yi rantsuwa tana kuka, Kaka ta tofa mata yawu ta ce ɓarauniya. Ya Modu ya mare ta a gaban yaranta, ya rubuta mata saki ɗaya. Ni na taro mata keke zuwa gidansu a Mafoni, ta ma ce mini, "Na gode, ƙanina."

Washegari na goge kwabon da toka da lemun tsami har ya yi ƙyalli, na kai wa Oga. Ya duba ya duba, ya ce, "Wane ne ya wanke wannan? Ka kankare harafin. Yanzu ko shayi ba zai saya maka ba."

Wata biyu ke nan. Kaka ta rame, ba mai iya wankanta yadda take so. Yaran kullum suna bakin ƙofa. Iddar Falmata saura 'yan makonni, Ya Modu ya ce sai ta fito da kwabon zai mai da ita.

Na yi tunanin in jefa shi ƙarƙashin gadon Kaka a ce tsintuwa aka yi, amma ya yi santsi, hannunta ba zai yarda ba, za a ce Falmata ce ta aiko da na bogi. In na faɗi gaskiya kuwa Ya Modu ba zai ƙara kallona ba, unguwa kuma ba mai kawo mini waya gyara.

Jiya Kaka ta kira ni, ta damƙa mini zaren gaba ɗaya, ta ce in ɓoye mata, ni kaɗai ta yarda da shi a gidan nan. Na karɓa. Kuma ku ji halina, ina shiga ɗaki madubin na fara ɗaukowa.

Jama'a, in tona kaina kafin iddar ta cika, ko akwai wata hanya?