Layi Tara da Na Saka a Intanet

Litinin, 14 ga Afrilu

Wata mata ta turo mini saƙo a dandalin da nake saka kod, wato rubutun haɗa manhaja, da sunan Gwani. Na ɗauka irin masu cewa "Gwani, don Allah duba mini wannan" ne, shi ya sa ban buɗe ba sai da rana ta yi. Ashe mai kemis ce. Ta ce shekara biyu da suka wuce ta koyi haɗa 'yar manhaja da kanta, don ta riƙa nuna mata magungunan da wa'adinsu ya ƙare. Lissafin kwanan wata ya gagare ta, sai ta kwafi layi taran nan da na taɓa sakawa.

Ga abin da ta rubuta: "Malam, kod ɗinka yana juya rana da wata. Allurar ciwon suga da ta lalace tun 10 ga Maris, allo yana nuna mini sai 3 ga Oktoba. Na yarda da allon, ban duba kwali ba. Na sayar wa wani dattijo. Yau kwanansa biyu a asibiti."

Sau huɗu na karanta. Shayina ya huce a gabana ban sani ba.

Talata, 15 ga Afrilu

Na gwada. Gaskiyarta.

In ranar ba ta wuce sha biyu ga wata ba, sai ya mai da ita wata. Ni kuma lokacin da na rubuta, da 25 ga wata na gwada, sau ɗaya tak, ina cin abinci da ɗaya hannun. Na tuna ranar sarai. Minti shida na yi, har na yi fahari da hakan a ƙasan rubutun.

Mutum dubu uku da wani abu sun danna alamar yabo. Ba wanda ya lura. Ko kuwa sun lura sun ce Gwani ba ya kuskure?

Laraba, 16 ga Afrilu

Na kai yatsa kan maɓallin goge rubutun. In na goge, shi ke nan, wa zai sani? Ban danna ba. Ba kirki ne ya hana ni ba, tsoro ne, kada a ce wani ya riga ya ɗauki hotonsa.

Uwargida ta ga ban taɓa abinci ba. Na gaya mata komai. Ta ajiye cokali ta ce, "Abban yara, ni ban san kod ba. Amma dattijon nan, ka tambayi jikinsa?"

Ban tambaya ba. Kwana biyu, ko a raina bai zo ba.

Alhamis, 17 ga Afrilu

Na nemi layin farko na kod ɗin a intanet don in ga inda ya kai. Da ma ban nema ba. Shafi bayan shafi. Manhajar wata makaranta, ta wani wurin ajiyar kaya, ta masu yankan tikitin mota. Wasu har da ɗan barkwancin da na rubuta a gefe suka kwashe. Na kai ɗari da arba'in na daina ƙirgawa.

Sai wani tunani ya zo mini, na duba namu na ofis. Yana nan. Oga da kansa ya saka bara, a sashen da ke lissafa hutun ma'aikata. Bai san ni ne Gwani ba.

Na same shi yana fama da firinta, na gaya masa. Ya kalle ni ta saman gilashi. Ya ce, "Wato kai ne kake mana wa'azin gwaji a taro?" Na ce ni ne. Ya ce, "To je ka gyara. Ni ma ai ban gwada ba." Ya koma kan firintarsa.

Juma'a, 18 ga Afrilu

An sallami dattijon. Mai kemis ta ce ta je gidansa da kanta ta ba shi haƙuri, kuma kwana uku tana bin kwalaye ɗaya bayan ɗaya da biro. Ta samu guda sha ɗaya da suka lalace. Ba ta zage ni ba ko sau ɗaya. Da ta zage ni da ya fi mini sauƙi.

Asabar, 19 ga Afrilu

Na rubuta sanarwa a saman tsohon rubutun. Sau bakwai ina sake ta. Ta farko cewa ta yi "an samu ɗan tangarɗa". An samu. Kamar daga sama ya faɗo. Ta ƙarshe: "Kod ɗin nan da na rubuta yana da kuskure, ban gwada shi yadda ya kamata ba, kuma ya kai mutum asibiti. Ga gyara. In ka kwafa, duba yau."

Na tura. Na kife wayar na je na wanke mota, wadda ba ta yi datti ba.

Litinin, 21 ga Afrilu

Wani ya ce, "Gwanin banza." Mutum tamanin sun yaba masa. Wasu ɗari biyu sun daina bina. Wani kuma daga wani ɗakin gwaje-gwaje ya rubuta, "Mun duba, muna da shi. Mun gyara." Wannan na kasa wucewa. Ɗakin gwajin me? Ban iya tambaya ba.

Ina bin shafukan ɗaya ɗaya ina tura musu saƙo. Na yi talatin da shida. Wasu adireshinsu ma ya mutu.

Laraba, 30 ga Afrilu

Kwana goma sha ɗaya ban saka komai ba. Aiki ne ya yi yawa, ba wani abu ba.

Akwai wani ɗan kod da na rubuta tun Lahadi, na jera sunaye bisa haruffa, har da masu ƙugiya irin su ƙ da ɗ. Layi biyar ne, ba abin da zai lalace a ciki. Na gwada da suna ɗari huɗu. Duk da haka na tura wa mai kemis, na ce ta zuba masa sunayen magungunanta ta gani, tunda nata sun fi nawa wuyar sha'ani. Ta ce kanti ya cika, ba za ta samu sarari ba sai ranar Asabar.

Na ce ba komai, Hajiya, zan jira.