Ɗakin Ƙasar da Auta Ya Rushe

Ƙanwata, maƙwabciyata ce ke rubuta mini. Ya yara, ya ƙafar taki?

Ni lafiya lau, kada ki damu. Auta ya gama gidansa, sanyi ƙalau, ko fanka ba a kunnawa. Kin san da me ya gina? Jar ƙasa! Irin ta ɗakin da na yaɓe da hannuna, ya rushe wai ƙauyanci ne, ya kwaso ni nan birni.

Jiya yana yabon injiniya gaban baƙi, na ce ai da an cakuɗa ƙasar da ciyawa, bango ba zai tsage ba. Ya ce, "Inna, bar wa masu ilimi."

Ki leƙa mini, filin ɗakina na nan? Allah ya yi masa albarka dai. Na gaji, maƙwabciya, ajiye biron.