Hoton Kawu Maliki

Gwaram, Nuwamba 1974

Zuwa ga yayata Barira,

Gaisuwa mai yawa, da fatan ke da yara kuna lafiya a Kano.

Kin ce in aiko miki hoton Inna. Yaya, babu shi. Ran nan bayan Ƙaramar Salla, da muka fita da iyali kufan tsohon gari, ta yarda a karon farko in ɗauke ta. Ta zauna a kan guntun katangar gidan babanta, ta gyara kallabi, har ta ce in tsaya ta tofar da goro. Muna cin dambu sai Maikano ɗan Kawu Maliki ya fizge kyamarar, wai bari ya ga ko tsohuwa ta yi kyau. Ina ce masa rana za ta ƙone fim, ya buɗe, ya zaro shi kamar hanjin kaza, 'yan mata na dariya. Ko a zaman makokinta bai ce min in yi haƙuri ba. Ina nan.

Ƙaninki, Ɗanbala


Birnin Kudu, Janairu 1975

Ɗanbala bawana,

Ina gaisuwa. An ce har yau kana kumbure-kumbure. Haba! Ni ɗan namiji ne, kai ɗan mace, wa ya taɓa kai ƙarar wasan taubashi? Ka saki ranka.

Na sayi sabuwar bas. Ranar Asabar zan kwashi gida duka zuwa Dutsen Habude, mu ga zanen shanun nan na mutanen da. Baba ya ce zai je, ko da yake ƙafa ta ƙi. Bai taɓa hoto ba, ka zo da akwatin naka. Shinkafa da kaji sai ka ture.

Ubangidanka, Maikano


Kano, Janairu 1975

Ɗanbala,

Bayan gaisuwa, na ji ka amsa gayyar Maikano ba musu, kuma na san shirun nan naka. Kada ka je da kyamara ba fim. Kawu ba shi ya yi maka laifi ba, kuma shi kaɗai ya rage mai kama da Inna. Ka ji tsoron Allah.

Barira


Gwaram, Fabrairu 1975

Yaya Barira,

Ina gaida ki. Kwantar da hankalinki, sabon fim na sa. Na zaunar da Kawu a inuwar dutsen, zanen shanu a bayansa. Da na leƙa gilashi sai na ga goshin Inna sak, har yadda take karkata kai in tana jin kunya. Maikano ya cuso kansa kusa da shi yana kaɗa makullin mota. Na ce, "Ranka ya daɗe, matsa kaɗan, inuwarka ta rufe shi." Ya matsa. Na ce ƙara. Ya ƙara.

Hoton ya fito fes, Kawu shi kaɗai. Kada ki gaya wa kowa tukuna.

Ɗanbala


Birnin Kudu, Yuni 1975

Zuwa ga ɗan'uwana Malam Ɗanbala,

Assalamu alaikum. Na gode da zuwanka jana'izar Baba, Allah ya ba da lada. Na so mu keɓe, ka riga ka tafi.

Jiya na shiga ɗakin ƙanwata Hapsatu, na ga Baba a bango cikin gilas. Ta ce kai ka kawo mata. 'Yar'uwarmu Kubra ma ta ce tana da nata, har mai shayin tasha an ce yana da shi. Na roƙi Hapsatu, ta ce amana ka ba ta, ka sa ta rantse ba zai fita daga ɗakin ba.

Abin da na yi maka a kufai, yanzu na san nauyinsa. Don Allah ka wanko min ɗaya, ko ƙarami ne.

Naka, Maikano


Gwaram, Yuni 1975

Maikano,

Wa alaikumus salam. Allah ya ji ƙan Kawu, ya sa ya huta.

Ba sauran abin wankewa, fim ɗin na jefa shi a murhu. Amma ka fi ni sa'a, naka uban yana nan a gidaje da yawa. Duk ranar da ka so ganinsa, ka je ƙofar mutane ka yi sallama, ka jira a ce ka shigo.

Ka gaida gida.

Ɗanbala