Faifai Uku, Kiɗa Ɗaya

Anti Wasilatu, don Allah ki taimaka min, abin nan ya tsaya min a wuya.

Ina gyaran na'urori a wani asibiti a nan Doha. Wani Bature da zai koma gida ya bar min garmahonsa, ni kuma na daɗe ina sha'awar kiɗan nan nasu na goge da sarewa da ba a waƙa a ciki, sai dai ban san kansa ba. Da Yaya Mudasiru zai tafi kwas Landan, sai na roƙe shi ya zaɓo min faifai uku, tunda shi ya san harkar. Shi ne fa ya sauke ni a ɗakinsa a unguwar Abu Hamour wata biyar, lokacin da na zo ban san kowa ba.

Ya kawo. Kwali uku, hoton tsofaffi uku daban-daban. Na ɗora na farko, na ji daɗi. Na ɗora na biyu, wallahi kiɗan nan ne dai. Na uku ma haka! Na duba bayan kwalin, ashe tun kafin a haife ni aka ɗauke su, sake bugawa kawai aka yi. Wato ya ga ɗan ƙauye, ya kwaso min kwantai ke nan? Ranar Juma'a muna cin abinci da 'yan gida, na faɗa masa a gaban kowa cewa wannan ha'inci ne. Ya ajiye cokali ya fita. Sati uku ba ya ɗaga wayata. Ni aka cuta, kuma ni ake yi wa fushi! Amma gaskiya rashinsa yana damuna.

Wanda Aka Raina, Doha

Ɗan'uwa, na gane inda haushinka ya fito. A wurinmu waƙa ta mai ita ce, wani ya rera sai mu ce ya kwaikwaya. Nasu kuwa rubutaccen kiɗa ne, mai shi ya daɗe da mutuwa, kowane shugaban makaɗa da yadda yake juya shi, wani ya ja, wani ya yi sauri. Masu harkar da gangan suke tara kiɗa ɗaya daga hannu uku, da haka kunne yake buɗewa. Sake bugawa ma ba aibi ba ne. Abin da ya yi kyau ake sake bugawa, kuma ga sabon shiga ya fi tsohon faifai mai ƙarce. Laifin Mudasiru ɗaya ne, bai yi maka bayani ba.

Naka ya fi nasa nesa ba kusa ba. Mutum ya lallaɓo maka kaya tun daga Landan, ko tambaya ba ka yi ba ka kira shi maha'inci? Ni kaina raina ya ɓaci.

Ka zauna ka saurari farkon kowanne a jere har ka ji bambancin. Sannan ka bar waya, ka je ƙofarsa da ƙafarka, ka gaya masa wanda ka fi so da dalilinka. Kada kuma ka ba shi haƙuri a lungu. Mutanen da suka ji ka zarge shi, su ji ka wanke shi da bakinka. Allah ya daidaita tsakaninku.