Naman saniyar Baba yana firigo, na kasa ci na kasa zubarwa

Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Admin a ɓoye sunana. Don Allah ku ba ni shawara, abin ya tsaya mini a wuya.

Ni matar aure ce a Tasawa, yarana uku duk suna lakwal, wato makarantar boko, maigidana gyaran babur yake yi. Tunda sojoji suka karɓi mulki aka rufe iyaka, komai ya yi tsada, abin da muke ba yara su sayi burodi da nama a bakin lakwal ya gagare mu. Sai na samo dabara, in sayi cinya ko kafaɗa guda, in dafa ta ɗungum da albasa da tafarnuwa da citta, in bari ta huce sarai, in yayyanka siriri siriri, in ƙulla a leda, kowane ƙulli na kwana ɗaya, in jera a firigo, wato firij. Da safe in ɗumama ƙulli guda da ɗan mai da tattasai in zuba musu a burodi. Ko kuran, wato wutar lantarki, ya ɗauke ba na buɗe firigon, don kada sanyin ya fita.

To bana damina ta yi gardama a wajen su surukina, can wani ƙauye kusa da Tchaké. Ba ciyawa, dusa ta fi ƙarfinsa, shanunsa suka ƙare saura wata ja guda da yake ji da ita. Kwanaki ƙanwar maigidana ta zo mana da cinya guda cikin buhu, ta ce Baba ya yanka jar saniyar, ya ce a kawo wa jikokinsa. Na yi murna, na yi kuka kuma, don na san abin da saniyar nan take a wurinsa. Ranar na dafa, na ƙulla, firigo ya cika, yara suka yi kwanaki suna ci.

Da ta sake zuwa cin kasuwa muna hira a tsakar gida, sai ta ce mini, "Ai Yaya, baiwar Allah nan kwance muka iske ta da safe, da Baba ya sa wuƙa ko motsi ba ta yi ba." Ita ta wuce zancenta, ni kuwa na tsaya a kan maganar. Karatuna bai yi nisa ba, amma na san dabbar da rai ya riga ya fita kafin wuƙa mushe ce. Na tambaye ta jini fa, ya yi tsartuwa? Ta ce ita kuka take, ba ta duba ba. Na je wajen malamarmu na yi tambaya kamar zancen wasu ne, ta ce in ta motsa ƙafa ko wutsiya, ko jini ya fito da ƙarfi, ta halatta, a tambayi wanda ya yanka. Wanda ya yanka kuwa Baba ne.

Da na gaya wa maigida ransa ya ɓaci ƙwarai. Ya ce mahaifinsa shi ke jan salla a unguwarsu tun ba a haife ni ba, yanzu ni zan ce ya ciyar da jikokinsa mushe? Ya ce waswasi ne irin nawa, ni da ke sake alwala sau uku, kuma in na kuskura maganar ta kai ƙauye in kuka da kaina. Wataƙila gaskiyarsa. Amma ni ina tunanin tsoho a garke da sassafe, saniyarsa ta ƙarshe a ƙasa, anya bai ga motsin da zuciyarsa ke so ya gani ba? Allah ya yafe mini wannan zato.

Tun ranar wake da mai nake zuba wa yara a burodi, ƙaramar kullum sai ta ce Mama ina naman Kaka. Ba zan iya zubarwa ba a shekarar yunwa, ba zan ba maƙwabta abin da nake shakka ba, ba zan iya tambaya ba.

Yanzu Baba ya aiko, zai shigo ranar kasuwa mai zuwa, ya ce yana so ya ga burodin nan da jikoki ke ba shi labari. Maigida ya ce shi ke nan, in haɗa masa da naman da hannuna, in ya ci sai in rufe bakina. Iyayena da 'yan uwa, ku gaya mini, in ya ci hankalina ya kwanta ke nan? In kuma ya karɓa ya duba, ya ce shi ya ƙoshi a ba yara, ni me zan yi a gabansa?