Rakiya Har Bakin Teku

Fallowfield, Manchester
Yammacin Lahadi

Zuwa ga Ramlat, ɗumin da na samu a ƙasar sanyi, ruwan randa ga wanda ya sha tafiya, jinjirin watan da na daɗe ina dubawa ban taɓa nuna shi da yatsa ba. Amincin Allah ya tabbata a gare ki.

Kin san ni, ba na sakin kalma sai na juya ta ciki da baya. Waɗannan sunaye da na kira ki da su sun daɗe a bakina, yau ne kawai suka sami hanyar fita. Bari in fara da abin da na gani a yau, yadda na gan shi, domin shi ne abin da na fi iyawa.

Da hantsi muka tsaya a gaɓar tekun Wales, wurin da wani ɗan tsibiri yake haɗe da tudu ta wani shimfiɗaɗɗen yashi. Mahaifiyarki Hajiya ta ce ƙafafunta ba za su kai ta ba, ta zauna a mota da bargonta da carbinta. Yayanki Ahmad ya tambaye ni ko za a iya takawa, tunda ni ne na ƙare shekaru ina karatun ban-ruwa. Na dubi yashin. Fari ne, busasshe, da sawun tsuntsaye a kansa, tamkar cikin kogin garinmu a tsakiyar rani, inda yara ke buga ƙwallo, shanu su ratsa ba su jiƙa kofato ba. Idona na ɗan Arewa ya gaya mini cewa ruwan da ya tafi sai damina. Na san hawan teku da saukarsa a littafi, amma ƙafa ba ta karanta littafi. Akwai allon gargaɗi a bakin hanya, muka wuce shi muna hira. Na ce mu je.

Muka ƙetare mu uku. Kina sanye da mayafi ruwan toka da rigar sanyin Ahmad wadda ta yi miki yawa, hannuwanki sun ɓace a cikinta. Muka zaga tsibirin, muka yi sallar azahar a bayan wani dutse. Da muka juyo, hanya babu ita. Ruwa ya shigo ta bayanmu, ba ƙara ba hayaniya, kamar baƙon da ya san gida. Ahmad ya riƙe ƙugu ya ce, "Dakta, ai mun zama stuck! Wannan ne PhD ɗin?" Ya kira masu gadin teku, suka ce babu haɗari, mu zauna a tudu har ruwa ya janye. Kika kira Hajiya, ta ce, "Ku zauna inda Allah ya ajiye ku, ni ina da shayina." Daga nan Ahmad ya ce zai hau wajen tsohuwar hasumiya neman network, alhali wayarsa a hannu ya gama magana da ita. Allah ya saka masa.

Kika zauna a kan dutse, na zauna a kan wani, tsakaninmu tazarar da ta dace. Kina duban motar can ƙetaren ruwa, ta yi ƙanƙanta kamar ƙwaro, kuma idonki bai bar ta ba. Ni kuwa wayata tana ta motsi a aljihu, kamfanin jirgin sama yana tuna mini da tafiyata gida gobe. Can kika yi wata magana ba ki dube ni ba, iska ta ɗauke ta, ni kuma ban nemi ki maimaita ba. Bayan la'asar yashi ya fito, muka taka shi a jiƙe muka koma. Abin da na gani ke nan.

Yanzu ga abin da ban iya faɗa ba.

Ya Ramlat! Ashe akwai kurkukun da mutum zai roƙi Allah kada a buɗe shi? Wallahi duk lokacin da ruwan nan ya ja da baya, sai in ji kamar daga jikina ake yagar sa. Ni da na kai ku cikin tarko, ni ne nake fatan tarkon ya daɗe. Ki yafe mini. Ke kina addu'ar hanya ta buɗe ki koma ga mahaifiyarki, ni ina addu'ar ta jinkirta, ga mu a tsibiri ɗaya, addu'o'inmu suna karo a sama.

Kin tuna yadda wannan tafiya ta faro? Ranar Juma'a na zo gidanku a Lozells yin sallama. Hajiya ta dawo daga wankin ƙoda ke nan, a gajiye, ta sa mini albarka, ta ce wa Ahmad, "Ku taka masa." Rakiya ce ta zuwa bakin titi. A bakin titi Ahmad ya ce ai mota tana nan. Hajiya ta leƙo ta ce duk zamanta a ƙasar nan ba ta taɓa ganin teku ba sai ta tagar jirgi, ga shi kuma asibiti ba sa nemanta sai Litinin. Haka rakiyar ƙofar gida ta zama tafiyar gari-gari a bakin ruwa. Kin kuma san al'adarmu: mai rakiya ba ya juyawa da kansa, baƙo ne yake tsayawa ya ce, "Ku koma haka nan, na gode." A Lozells ya kamata in faɗa. Ban faɗa ba. A kowane gari muka tsaya maganar tana zuwa har haƙorana, in haɗiye ta da shayi. Sai ɗazu, a ƙofar wannan gida, Hajiya ta sauke gilashi ta ce, "Muhsin, ko so kake mu bi ka har Kano?" Muka yi dariya. Na ce ku koma lafiya, domin gobe da safe na'urar wankin ƙoda tana jiranta. Motarku ta karya kwana, na tsaya riƙe da jaka kamar wanda aka manta da shi a tasha.

Motar na sallama, Ramlat. Ke ban sallame ki ba, kuma ban san ko ina da haƙƙin ƙin sallamarki ba. Wannan ne ya sa na ɗauki biro. Saƙon waya ana iya goge shi, na kuwa san halina.

Ya ke sanyin asuba, ya ke ƙamshin ƙasa bayan ruwan fari! Yaushe kika shiga zuciyata ban ji motsin ƙofa ba? Ina jin tun hunturuna na farko ne, lokacin da muke flat ɗaya da Ahmad a Longsight, ya ja ni gidanku cin tuwo. Kika dubi fuskata sau ɗaya, irin duban ma'aikaciyar kantin magani. Da na koma Manchester na buɗe ledar guzuri, sai ga kwalbar ƙwayoyin nan da ake sha a madadin hasken rana, a tsakanin dambun nama da yaji. Kowane hunturu tun daga nan sai na tarar da ita. Ba ki taɓa ambata ba, ban taɓa godewa ba. Gobe zan koma inda rana take a wadace, kowa yana gudunta, amma wa zai dubi fuskata ya gane abin da na rasa?

Na auna lamarinmu ta kowace fuska, kamar yadda aka koya mini auna ruwa, ban sami magudana ba. Jami'ar da ta turo ni na yi mata alkawarin komawa in koyar, na sa hannu da hankalina, bizata kuma ta zo ƙarshe. Idan na karya alkawari don in zauna kusa da ke, wane irin miji kika samu? Ke kuma Hajiya tana buƙatar na'urar nan sau uku a mako, ke kike kai ta, ke kika san abin da za ta ci da abin da ba za ta taɓa ba, ke kike jayayya da GP, likitan unguwa, a madadinta. Idan na ce ki bar ta ki biyo ni, wane irin so ne wannan? Ba don wannan tsayuwar taki na so ki ba? Igiyar da ta ɗaure ki ita ce adonki, wadda ta ɗaure ni ita ce mutuncina, kuma kowace tana ja zuwa nata ɓangaren. Kaico! Teku ma da girmansa yana da lokacin janyewa, har a rubuta a allo. Namu ruwan babu wanda ya rubuta masa lokaci.

Saboda haka ba zan yi miki alkawarin abin da ba ya hannuna ba. Ban san shekarar da zan sami 'yancin kaina ba. Ban san ko ofishin biza zai buɗe mini ƙofa duk lokacin da na ƙwanƙwasa ba. Abin da yake hannuna shi ne wannan: idan kin yarda, ina sauka zan sami Kawuna, ya nemi iznin zuwa wurin magabatanki a Kano, a yi magana irin ta manya, da rana tsaka, kowa ya sani. Duk hutun da jami'a ta ba ni, Lozells zan nufa da shi. Ba zan taɓa cewa ki zaɓa tsakanina da Hajiya ba, ko da wasa, ko da fushi.

Na san abin da nake roƙo. Ina roƙon ki zauna a kan dutse kina jiran ruwan da ban san ranar janyewarsa ba, alhali ke mace ce da ake so, shekaru kuma ba sa jiran kowa. Idan ya yi miki nauyi, ki gaya wa Ahmad kalma ɗaya, zan tsaya in ce ki koma haka nan, na gode, ba za ki ji ƙorafi daga gare ni ba har abada. Zan faɗa da bakina. Zuciyar dai ba zan yi miki alkawarinta ba.

An kira magariba a wayar maƙwabcina. Ɗakin nan babu komai sai akwatuna biyu da darduma. Da safe zan jefa wannan takarda a akwatin gidan waya kafin in nufi filin jirgi, za ta iso hannunki ina can. Ki gaishe da Hajiya, ki ce ina neman gafarar zaman jiran da na sa ta yi. Ki ce wa Ahmad na karɓi tsokanarsa, na cancanta.

Ko kin jira ko ba ki jira ba, wurin da kika zauna a raina ba na haya ba ne, babu mai shigarsa bayanki.

Naki, a nan da can, muddin ina numfashi,
Muhsin Jumare

Gyara ɗaya. Na rubuta cewa iska ta ɗauke maganarki a kan dutse. Ba ta ɗauke ba. Na ji ki sarai. Cewa kika yi, "Ni dai ban gaji da rakiya ba."